Maɗaurin Tarko a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Daga Igiya zuwa Sarƙa da Waya

Kowane tarko kashi biyu ne: bakin da ke cafke dabba, da maɗaurin da ke riƙe ta har mai tarko ya iso. Maɗauri shi ne igiya ko sarƙa ko waya da ke haɗa tarkon da turke, ko gungume, ko gindin bishiya. Idan ya tsinke, aikin maƙeri da wahalar maharbi sun tashi a banza, dabba kuma ta tafi da ƙarfe a ƙafa ta je ta mutu inda ba mai amfana da ita. A ƙasar noma ta kudancin Katsina, wato yankin Funtuwa da Malumfashi, abin da ake ɗaure tarko da shi ya sauya sau biyu cikin shekara ɗari da 'yan kai. An bar igiyar da ake tufkawa a gida an koma sarƙa, daga baya waya ta shigo ta raba kasuwa da sarƙar. Kowane sauyi ya biyo bayan wani sauyi ne a harkar noma, ko sufuri, ko samuwar ƙarfe.

Ƙasar da dabbobinta

Tun kafin zuwan Turawa ana kiran wannan ɓangare Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi da riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewa. Tsofaffin garuruwansa irin su Maska da Gozaki sun yi suna da noman auduga da saƙa da rini. Yau Sarkin Maska yana zaune a Funtuwa, Galadiman Katsina kuma a Malumfashi. A kewayensu akwai Bakori da Ɗanja da Ƙafur, ta yamma kuma Ɗandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Ruwan sama yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma daga tuddan da ke kusa da Funtuwa ne kogin Sakkwato ya taso. Ta yamma dajin Kogo ya miƙa har ya haɗu da dazukan Kamuku da Kuyambana. A ƙarni na 19, lokacin da mahara daga Maraɗi ke ratsowa ta dajin Rugu, jama'a sun fi zama cikin garuruwa masu ganuwa, daji kuwa ya cike tsakanin gari da gari. Manomi da naman daji maƙwabtan juna ne, gona kuwa ita ce iyakar da suke jayayya a kanta.

Mai ɗana tarko yana rarrabe dabbobi da irin abin da suke yi wa maɗauri idan sun ji an kama su. Akwai masu gwaguya, wato gyazbi da gafiya da kurege da beguwa, waɗanda haƙoransu na gaba ke yanke igiya cikin ɗan lokaci. Akwai masu fizga, irin su gada da mazo da gadu, waɗanda ke ja da baya su zabura da dukkan ƙarfinsu. Akwai masu birgima suna murɗa maɗauri, kamar dila da tunku da jibda. Biri, ko ja ne ko bika, yana da hannu, yana taɓa ƙulli yana ja har ya sassauta. Kura ta haɗa duka: tana gwaguya, tana fizga, tana murɗawa, ga haƙoran da ke fasa ƙashi. Babu wani maɗauri guda da ya dace da waɗannan duka, shi ya sa zaɓensa ya zama ilimi a cikin sana'ar.

Zamanin igiya

Kafin ƙarfe ya yi araha, daji da gona su ke ba da maɗauri. Ana tufka igiya da rama, da kaba, da ɓawon kargo, da ɓawon kuka. Don babbar dabba ana amfani da kiri, wato igiyar fatar sa da aka yanka siri-siri aka kitsa. Don tsuntsaye kamar fakara da kurciya ana yin asuta da izgar doki, a jera zarge-zarge a jikin igiya guda a watsa tsaba. Maharba, ƙarƙashin sarkin baka ko sarkin dawa, su ne masu wannan sani, suna gadar da shi ga 'ya'yansu tare da haɗa dafin kwankwani da karatun sawu. Yaran manoma kuwa suna koyon ƙananan tarkuna a bakin gona tun suna masu tsaron biri da tsuntsu.

Igiya tana da abokan gaba da yawa. Gara tana cin ta daga ƙasa. Ruwan damina yana ruɓar da ita, kiri kuma idan ya jiƙe sai ya saki ya yi santsi, ga warinsa yana jawo kura da karnuka. Da rani gobarar daji tana lashe ta. Babbar matsala ita ce haƙorin masu gwaguya, kuma maganin da aka samo mata dabara ce ta ɗanawa. Ana tanƙwaro ɗanyen reshe ko wani tsiro mai tauri, a ɗaura igiya a kansa, a maƙale shi da ɗan tsinke a kan hanyar dabba. Da ta taɓa tsinken sai reshen ya miƙe ya ɗaga ta sama, ta rasa inda za ta dafa ƙafa balle ta juyo ta kai wa igiyar baki. Reshen kuma yana lanƙwasa yana dawowa duk lokacin da ta fizga, don haka igiyar ba ta ɗaukar nauyin fizgar gaba ɗaya.

Turke ko gungume

Ƙarshen igiya na biyu dole ya kama wani abu, kuma hanya biyu ce tun asali. Ko a kafa turke, ko a ɗaura a jikin gungumen da dabba za ta iya ja. Hanyar gungume tsohuwa ce ƙwarai a Afirka. A cikin Sahara ana samun duwatsu masu nauyi da aka sassaƙa wa wuya a tsakiya don ɗaura igiya, kuma zane-zanen duwatsun Messak a ƙasar Libiya, masu dubban shekaru, suna nuna manyan dabbobi ɗaure da irin waɗannan duwatsu a ƙafa. Akwai kuma tarkon da ake yi kamar faifai mai tsinkaye suna fuskantar tsakiya, a ɗora shi a bakin ɗan rami da zarge a kai. Masani ɗan ƙasar Suwidin Gerhard Lindblom ya rubuta bayaninsa a 1928, ya nuna yaɗuwarsa daga kwarin kogin Nilu zuwa ƙasashen Buzaye. A wannan tarko ma zargen a jikin gungume ake ɗaure shi.

Hikimar gungume ita ce ba ya gardama da dabba. Idan gadu ya zabura, gungumen yana biye da shi, igiya ba ta samun abin da za ta tsinke a kansa. Ana zaɓar ɗanyen itace mai nauyi kamar marke, a bar masa 'yan rassa don ya riƙa sarƙewa a cikin geza da sabara. Nauyinsa ya zama wanda dabba za ta ja amma ba za ta yi gudu da shi ba. Da safe mai tarko ya bi jan da gungumen ya bari a ƙasa har ya tarar da ita ta gaji. Illarsa ita ce a cikin gona dabbar za ta tattake shuka mai yawa kafin ta tsaya, a ƙasa mai duwatsu kuma sawun yakan ɓace.

Turke yana tsayar da dabba wuri ɗaya, amma ƙarfinsa ya dogara da ƙasa. Lakar wannan yanki tana da hali biyu. Da rani tana yin tauri har turken itace ya fashe kafin ya shiga, in kuwa ya shiga ya kafu. Da damina, musamman a watan Agusta da cikin fadama, tana yin laushi, dabbar da ke tsalle tana jan maɗauri sama sai ta riƙa girgiza turken yana fitowa kaɗan-kaɗan har ya tuge. Saboda haka ake kafa turaku biyu a gicciye, ko a haƙa rami a binne guntun itace a kwance da maɗaurin a tsakiyarsa a danne da ƙasa. Tsawon maɗauri ma abin lura ne. Dogo yana ba dabba filin ɗaukar gudu kafin ta fizga, gajere kuma yana sa ta jan turke sama kai tsaye.

Sharaɗin yanka

Akwai dalilin addini da ya sa maɗauri ya fi muhimmanci a nan fiye da wuraren da ake kama dabba don fatarta kawai. Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta lissafa dabbar da ta mutu ta hanyar shaƙewa cikin abubuwan da aka haramta ci, sai wadda aka riska da rai aka yanka. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mutanen ƙasar ke bi, naman dajin da ya mutu a cikin tarko mushe ne. Dabbar da aka riga aka mallake ta a tarko hukuncinta ya koma na dabbar gida, sai da yanka. Idan kuma raunin da ta ji ya kai ga yanke lakar baya ko fasa hanji, yankan ba ya halatta ta. Gaɓar da ta rabu da jikin dabba mai rai ita ma mushe ce, don haka ƙafar gada da ta rage a bakin tarko ba abin ci ba ce.

Wannan ya sa mai neman nama ya fi son tarkon ƙafa a kan zargen wuya, ya fi son maɗaurin da zai gajiyar da dabba ba tare da ya kashe ta ba, kuma ya sa kewaya tarko da sassafe ta zama ƙa'idar sana'a. Wanda ya ɗana don tsare gona daga biri ko gadu, waɗanda Musulmi ba ya neman namansu, ba ya cikin wannan takura, ko da yake malamai sun hana azabtar da kowace dabba ba gaira ba dalili.

Jirgin ƙasa, garmar shanu da sarƙa

Maƙeran ƙasar Hausa sun san ƙirar sarƙa tun da daɗewa, suna ƙera ta tare da mari da linzami. Amma a lokacin da ake narka tama da gawayin ƙirya, ƙarfe abu ne mai tsada, kuma fartanya da gatari da lauje da kan kibiya su ne a gaba. Ba mai binne sarƙa a daji don gyazbi.

Abin ya sauya a farkon ƙarni na 20. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, BCGA, wadda aka kafa a 1902, ta gina injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, har yau ma akwai unguwa mai wannan suna a Funtuwa. An buɗe gonar irin auduga a Daudawa cikin shekarun 1920. Kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka buɗe kantuna, motocin ɗaukar kaya suka fara zirga-zirga. Tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota da na inji suka wadata, narka tama ta ja baya har ta mutu, maƙera suka koma sarrafa abin da suka tsinta.

A wannan zamani ne tarkon ƙarfe mai haƙora ya zama kayan kasuwa. Asalin fasalinsa na Turai ne. Garin Wednesfield a Ingila ya shahara da ƙera shi, yana aikawa ƙasashen da Ingila ke mulka har da na Afirka, a Amurka kuma Sewell Newhouse ya yi suna da irin nasa tun ƙarni na 19. Maƙeran baƙi na ƙasar Hausa suka ɗauki fasalin: muƙamuƙai biyu, faranti a tsakiya, da ƙarfe mai tsalle da ke rufe bakin. Sifirin ɗin tsohuwar mota ya zama abin da ya fi dacewa da wannan ƙarfe mai tsalle. Tarko irin wannan dukiya ce, ba a yarda a ɗaure shi da igiyar da gafiya za ta yanke cikin dare, don haka ya zo da sarƙarsa.

Garmar shanu ita ma ta taimaka. Daga 1928 hukumar gona ta Arewa ta fara koya wa manoma huɗa da shanu, kuma ƙasar auduga tana cikin wuraren da abin ya fi karɓuwa. Garma da sarƙa ake ja, sarƙa kuwa tana tsinkewa ana sauya ta. Guntayen sarƙar garma, da na bayan mota, suka zama abin da ake samu a gidan manomi ba sai an je kanti ba.

Amfanin sarƙa a fili yake. Haƙori ba ya cin ta, gara da wuta ba sa taɓa ta. Kowace ƙawanya tana motsi a jikin 'yar'uwarta, don haka ba ta karyewa idan an lanƙwasa ta. Nauyinta yana kwantar da ita a ƙasa a rufe da ƙura, yana kuma gajiyar da dabba. Idan ƙawanya ɗaya ta buɗe, maƙeri zai mayar da ita da 'yan bugu kaɗan. Rauninta yana wurin haɗin ƙawanya: wadda aka lanƙwasa kawai ba a haɗe bakinta da wuta ko walda ba tana buɗewa a fizgar gadu. Idan dabba ta yi ta birgima kuma sarƙar takan dunƙule ta gajarce, ƙafar da ke cikin tarko ta karye. Maganin wannan shi ne ɗan ƙarfe mai juyawa da ake sawa a gindin tarkon ko a tsakiyar sarƙar, wanda ke barin tarkon ya juya ba tare da sarƙar ta murɗe ba.

Wanda ya fi kowa sanin darajar sarƙa shi ne gardi mai wasa da kura. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma kafin a kai ga kuɗin sai an riƙe kurar. Hotunan da Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauka a 2005 da 2007 na gardawan kura, waɗanda wasunsu 'yan Malumfashi ne, sun nuna yadda ake yi: takunkumin igiya a baki, jibgegiyar sarƙa a wuya. Igiya tana aiki ne kawai a inda haƙori ba ya kaiwa.

Zuwan waya

Igiyar ƙarfe, wato siraran wayoyi da aka murɗe wuri ɗaya kamar tufka, wani injiniyan ma'adinai Bajamushe mai suna Wilhelm Albert ne ya ƙirƙiro ta a garin Clausthal wajen 1834, don maye gurbin sarƙoƙin da ke tsinkewa a ramukan haƙar ma'adinai. Ƙaramarta da ke gudu cikin bututu, wadda ake ja da ita a kama birki, ta fito a ƙarshen ƙarni na 19. Wayar da ƙauyukan kudancin Katsina suka fara sani mai ƙwaya ɗaya ce, irin ta tangaraho da ta shinge, wadda ke karyewa idan an lanƙwasa ta an miƙe sau da yawa. Tsofaffin kekunan Raleigh da suka cika ƙasar ba su kawo wayar birki ba, domin birkinsu na sandar ƙarfe ne. Babur ne ya kawo ta.

Shekarun 1970 su ne mararraba. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1975 suka cika hanyoyi da Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. A shekarar 1975 ɗin ne kuma aka fara Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gwambe. Shirin ya yi hanyoyin karkara da madatsun ruwa, ya raba takin zamani da ingantaccen iri, masara ta tashi daga abin da ake shukawa a bayan gida ta zama babbar hajar yankin. Masara kuwa ba ta da kariya: biri yana ɓare ta tun tana ɗanya, gyazbi yana sare karanta daga gindi. Aka sare saurukan da suka rage aka mai da su gona, manyan dabbobi suka ja zuwa yamma, masu gwaguya suka samu abinci suka yawaita a fadamun rake da shinkafa. Bukatar tarko ta koma ta ƙananan dabbobi masu yawa, daidai lokacin da tsohuwar wayar birki da ta kuloci ta fara taruwa a rumfar kowane bakanike. Shigowar Jincheng da Bajaj da sana'ar acaɓa daga baya ta ƙara yawanta. Wasu kuma suna ƙona tsohuwar taya su zare wayar da ke bakinta.

Waya ta yi abin da sarƙa ba ta iya ba: ta zama tarko da maɗauri a lokaci guda. Guntuwar waya da zarge a kai, ɗaure a gindin kargo, ta wadatar, ba a bukatar maƙeri. Ba ta da nauyi, mutum ɗaya zai ɗauki hamsin a aljihun taguwa, alhali tarkon ƙarfe biyar da sarƙoƙinsu kaya ne. Ba ta ƙara, ba ta da wuyar ɓoyewa, in an sace ta ba a yi asarar kirki ba. Idan aka gwada ta da sarƙar da suke nauyi ɗaya, ta fi ta ƙarfin ja nesa ba kusa ba.

Sai dai araha ba ta ado. Waya ba ta jure murɗa. Idan dabba ta yi birgima, wayar takan harɗe ta yi gwiwa, silin da ke wurin su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ko murɗin ya warware su buɗe kamar tsintsiya. Wayar da ta kama dabba sau ɗaya ba a sake amincewa da ita. Tsatsa tana cin ta daga ciki inda ido ba ya gani, musamman wadda aka ƙona, domin wuta ta riga ta kashe mata tauri. Ba ta riƙe ƙulli, shi ya sa ake zura bakinta cikin noti a daddage da guduma. Kura da beguwa suna iya gutsure siririyarta. Mafi muni shi ne abin da take yi wa dabba: tana yanka fata da jijiya tana shiga nama, a wuya kuma tana shaƙewa. Yawancin abin da zargen waya ya kama a wuya mushe ake tararwa, wanda ya tsinke ta kuma yakan tafi da ita a jiki.

Yadda ake zaɓe

Daga waɗannan halaye ne ƙa'idodin zaɓe suka fito. Tarkon ƙarfe da aka ɗana wa dabba mai ƙarfi ko mai birgima yana son sarƙa mai haɗaɗɗen baki da ƙarfe mai juyawa, a jikin gungume idan daji ne, a jikin turken rodi idan gona ce. Inda ake nufin yanka, sarƙa ta fi, domin ba ta yanka gaɓa kuma tana barin dabba ta kwanta. A fadama da wurin da ruwa ke kwanciya ma sarƙa ta fi, saboda tsatsarta a waje take ana gani. Waya ta dace da ƙananan dabbobi, da tafiya mai nisa, da wurin da ake tsoron ɓarayin tarko. Da yawa suna haɗa biyun: sarƙa kamu biyu ko uku a jikin tarko, inda haƙori da murɗa suke, sannan waya daga ƙarshen sarƙar zuwa gindin bishiya, inda ja kawai ake bukata. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da damina an fi dogara da bishiya mai rai ko abin da aka binne, da rani turke ya isa.

Doka, makiyaya da halin yau

Hukuma ta daɗe da sa ido a kan tarko. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kare namun daji a 1916. Yarjejeniyar Landan ta 1933 ta nemi ƙasashen da ke mulkin Afirka su hana farauta da rami da zarge da tarkon ƙarfe duk inda hakan zai yiwu. Ingila ta haramta tarko mai haƙora a cikin ƙasarta a 1958, Tarayyar Turai kuma ta zartar da irin wannan hani a 1991. Jihar Arewa ta yi Dokar Namun Daji a 1963, wadda ta kasa dabbobi gida-gida, wasu ba a taɓa su sam, wasu sai da lasisi. Gwamnatin tarayya ta ƙara da doka mai lamba 11 ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A 2020 aka amince a mai da dajin Kogo gandun daji na ƙasa tare da wasu tara. Masu kula da gandun daji a ko'ina cikin Afirka sun fi kuka da zargen waya a kan kowane irin tarko, domin ba ya zaɓen abin da zai kama, kuma wanda aka manta da shi yana ci gaba da kisa har ya ruɓe. Tarkon ƙarfe mai sarƙa tsadarsa ke sa mai shi ya dawo ya duba. Waya ba ta da wannan tilas.

A ƙauye kuwa hukuncin da ya fi aiki shi ne na zaman tare. Bayan girbi ana sakin gonaki ga shanun Fulani da awakin gari, mata da yara suna shiga neman itace da ganye, masu farauta suna fita da karnuka. Tarkon da aka bari a burtali ko a hanyar rafi yana iya karya ƙafar saniya ko ya raunata yaro, maganar ta kai gaban mai unguwa ko dagaci. A fiƙihun Malikiyya wanda ya sa abin cutarwa a hanyar jama'a shi ke biyan abin da ya lalace. Don haka al'ada ta tanadi a sanar da maƙwabtan gona, a sa alama, a kuma kwashe tarkuna idan an kawar da amfani. Tarko mai sarƙa ana sanin mai shi, sau da yawa har maƙerin da ya ƙera shi. Zargen waya ba a san na wane ne ba, wannan ya sa ƙararsa ta fi wuyar yankewa.

Daga shekarun 2010 rashin tsaro a dazukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ya hana maharba kwana a daji kamar da, wasunsu ma sun koma aikin sintiri. Manyan tarkuna masu doguwar sarƙa sun ragu a hannun maƙera, domin dabbobin da ake ƙera su dominsu sun yi nisa ko sun ƙare. Abin da ya rage a rumfunan maƙera ranar kasuwa shi ne ƙanana da matsakaita, na gafiya da gyazbi da kurege, kusa da lauje da fartanya. Wasu da guntuwar sarƙa ake sayar da su, wasu da huda kawai a gindi, mai saye ya je ya sa abin da ya dace da gonarsa da dabbar da ke yi masa ɓarna.